Awakin Innarku da Kujerar Shamuwa

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa ubanku ya yanka awakin matarsa don ya yi wa mota kujera. Na san kun ji, don Hadiza ta taɓa dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, tana kuka a kan wannan magana, na lallashe ta da ƙuli-ƙuli ban ce mata komai ba. An yanka awaki, wannan gaskiya ne. Don kujerar mota aka yanka su, shi ma gaskiya ne. Amma masu ba da labarin suna farawa daga wuƙa su tsaya a wuƙa, ni kuwa ina wurin tun daga farko. Innarku ta riga mu gidan gaskiya, Garba direban motar ma haka, saura ni kaɗai. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda aka yi, har da wurin da laifina yake.

Mu dukawa ne, kaka da kakanni, a nan cikin Magariya. Babana shi ke yi wa masu dawaki kayan sirdi da ragama, ya yi wa malamai gafaka, ya yi kube da burgame da layu. In an ga jar fata mai kyau a kasuwar Bande ko ta Kwaya, ba a tambayar gidan da ta fito. Sai dai lokacin da na kawo ƙarfi sana'ar ta fara sanyi. Masu hali sun bar doki sun koma mota, takalmin roba ya cika kasuwa, mu kuwa muna zaune a zaure muna ɗinkin layu. Baba ba ya son a yi zancen. In na taɓo shi sai ya ɗaure fuska ya ce in miƙo masa basilla.

A garin nan akwai wani attajirin gyaɗa, Alhaji Ilu, shi ne mai Shamuwa. Mota ce da ya sayo a Kano hannun wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, ƙirar Amurka, ta girmi ’yancin kai da ’yan shekaru. Mutanen gari suka sa mata Shamuwa saboda samanta baƙi ne wuluk, ƙasanta fari kamar cikin tsuntsuwar, ga fukafukai biyu a baya sun tashi tsaye, kowanne da jar fitila a bakinsa. Ku da ba ku gan ta ba, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Tsawonta ya kai a ce in ta shigo lungunmu, hancinta na ƙofar gidanmu, wutsiyarta na ƙofar gidan maƙwabci. Fitilu huɗu ne a gabanta, ƙarƙashinsu farin ƙarfe mai ƙyalli jere kamar haƙora, mutum na iya gyara rawaninsa a ciki. Tayoyinta kowace da farin zobe, Garba direba na wanke su da sabulu kowace safiya kamar ƙafar amarya. Sitiyarinta fari, siriri, da zoben ƙarfe a tsakiya, gabanta katako mai santsi da agogo zagayayye. Ba ta da hayaniya. In tana tafe sai dai ka ji wani gurnani can ƙasa-ƙasa, ka ga tana lilo a hankali bisa hanya. In aka rufe ƙofarta kuwa, ƙara ɗaya take yi mai nauyi, ka san an rufe abu. Tun ina saurayi nake barin aiki in je in tsaya ƙofar gidan Alhaji, ba don komai ba sai don in ji an rufe wannan ƙofar.

Kada ɗana Sani ya ji haushi, amma motar da yake kawo mini nan da Sallah yana taƙama da ita, ni sabulun da aka yi wanka da shi nake gani. Ba gaba, ba baya, ba a san inda ta dosa ba. Duk kama ɗaya gare su, har sai mutum ya danna wani abu ta yi ƙara kafin ya gane tasa. Shamuwa daga nesa ƙurarta kaɗai ta isa a ce ga Alhaji Ilu nan. Wanda ya zana ta ya zauna ya yi tunani, ya so abin da yake yi, kuma mai sana'ar hannu yana gane ɗan'uwansa ko da teku ta raba su.

Sai babbar yunwar nan ta zo, ta shekarun da ruwa ya ƙi. Ba zan tsaya a kanta ba, kun ji ta bakin mutane da yawa. Abin da ya shafi labarina shi ne Alhaji Ilu yana da dangi birjik a ƙauyukan Guci, kamyo kuwa, wato babbar motar kaya, ba ya samuwa. Sai ya sa Garba ya riƙa loda buhunan dawa a cikin Shamuwa, bayanta da kan kujerunta, yana kai musu. In zai dawo ya kwaso tsofaffi da marasa lafiya zuwa asibiti. Shekara guda ana haka. Kafin abin ya lafa, jar fatar kujerar baya ta tsattsage, auduga ta fito, ƙarafa sun leƙo. A farkon bazarar shekarar da soja suka karɓi mulki, na je wucewa na tarar Alhaji tsaye da Garba suna duban ɓarnar. Na gaishe shi na tsaya gefe. Na ji yana cewa a kai motar Kano a lulluɓe kujerar da leda, irin wadda ake sa wa motocin haya. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

“Alhaji, Allah ya ƙara girma, leda a cikin Shamuwa?”

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. “Isuhu ɗan Baduku ko? Yo me za a sa mata?”

“Abin da aka cire mata. Fata. In ka yarda, ni zan yi.”

Garba ya yi dariya ya ce, “Alhaji, wannan fa ba sirdi ba ne.”

“Bar shi,” in ji Alhaji. “Ubansa ne ya yi wa ubana kayan doki, har yau suna rataye a ɗakina. Ku kwance kujerar ku kai masa gida.”

Mutum huɗu suka ɗauko ta. Da Baba ya ga an shigo da ita zaure, bai ko tashi ba. Ya ce mu na doki ne, bai san abin da ya haɗa baduku da ƙarfen Nasara ba, kuma in aikin ya ɓaci kada in sa sunansa. Na ce na ji. A raina kuwa cewa nake tsoho ya tsufa.

Kwana uku na yi ina farke tsohon ɗinkin a hankali, don in ga yadda aka yi shi. Abin ya ƙara mini son motar. An ɗinke fatar kunya-kunya kamar gonar gyaɗa, kowace kunya faɗin yatsa uku, an cusa mata auduga daidai wa daida, ga wata ’yar igiyar fata ta bi gefe ta zagaye. Har can ciki inda ido ba ya kaiwa, ɗinkin bai karkace ba. Na auna, na zana a takardar siminti, na ga fata goma za ta ci. Samun fata a shekarar ba wuya, dabbobi sun ƙare, fatu sun yi yawa har majema na neman kai da su. Na zaɓo goma. To ga laifina, ku ji shi da kyau. Tun a hannu na san fatun nan ba su da jiki. Na dabbobin da yunwa ta cinye ne, sirara, busassu, in ka lanƙwasa sai su yi fari a wurin. Maimakon in ajiye su, sai na yi dabara. Na shafe su da man gyaɗa, na sake shafawa, na kuma shafawa, har suka yi laushi suna sheƙi. Sannan na daka karan dafi na jiƙa da ruwan kanwa na rina su, suka yi ja jawur. Baba yana daga gefe yana ɗinkin layarsa, ya ɗago kai sau ɗaya ya ce man ya yi yawa. Na yi kamar ban ji ba.

Ranar da aka mayar da kujerar, rabin unguwa ya zo kallo. Wallahi ta yi kyau. Alhaji ya shafa ta, ya yi murmushi, ya ce jibi zai je ɗaurin aure Dungas, in shirya mu tafi tare, in zauna gaba kusa da Garba. Ni da na yi shekara goma ina leƙen motar nan daga waje. Na sa rigata ta Sallah. Muka tashi da hantsi, rana ta bazara na dukan rufin, Alhaji ya ce a ɗaga gilashi saboda ƙura. Yana baya shi kaɗai, ya jingina, sanye da farar shadda sabuwa mai aska takwas, zufa na keto masa. Ni ina gaba ina jin kamar a kan ruwa nake tafiya, ina duban agogon nan, ban tuna da komai ba. Mun isa gab da azahar, ƙofar gidan cike da mutane. Maroƙi ya taso yana kirari, Garba ya zagaya ya buɗe ƙofa, Alhaji ya fito ya gyara hannun riga ya juya zai gaisa da jama'a. Sai maroƙin ya yi shiru a tsakiyar magana. Tun daga kafaɗa har ƙasa, bayan rigar layi-layi ne ja, kowace kunya ta kujerar ta buga kanta a jiki. Wani tsoho ya yi salati, ya zaci jini ne. Da aka gane ba jini ba ne, sai aka fara rufe baki da hannun riga, wanda ya fi dariya a fili ciwo.

Alhaji ya ja rigar ya duba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya shiga ciki aka ara masa riga wadda ta yi masa kaɗan, aka ɗaura aure da shi a haka. Da za mu dawo ya ce wa Garba ya shimfiɗa tabarma a kan kujerar. A haka muka iso Magariya. Da zai shiga gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Garba, ka nemi isansi ka cika tankin motar. Jibi a kai ta Kano.”

Labari ya riga ni isa gida. Kafin kwana biyu yara sun fara bina suna cewa ga mai rina Alhazai. Wani malami da ya ba mu aikin gafaka ya aiko a mayar masa da fatarsa, wai kada Alƙur'aninsa ya yi ja. Baba kuwa ranar da abin ya faru ya bari sai da na gama cin tuwo. Sannan ya ce in ɗauko masa ragowar fatar. Ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa, haske na ratsa ta kamar tsumma.

“Wannan ba ta shan rini,” ya ce. “Mai ka sa mata, rinin ya zauna a kan man. Zafi ya zo ya narkar da man, ya tafi da rinin. Ka sani ko ba ka sani ba?”

“Na sani, Baba.”

“Na ce kada ka sa sunana. To a Dungas ba wanda ya san Isuhu. Gidan Baduku aka ce.”

Washegari da safe ya sa rigarsa ya ɗauki sanda ya nufi gidan Alhaji, shi da ya yi shekaru bai taka ƙofar wani attajiri ba. Na bi shi a baya. Alhaji ya taso ya tarye shi, ya zaunar da shi kan buzu. Baba ya ce bai zo ba da haƙuri ba, don haƙuri ba ya wanke riga. Ya zo roƙon a bar kujerar nan zuwa kaka. In ta sake zuba, shi da kansa zai rufe zauren dukanci ya hana a sake ɗinka ko laya a gidansa. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce don girman Baba ya yarda, amma shi ba zai sake zama a kai da farar riga ba sai ya ga an gwada a gabansa.

Da muka dawo Baba ya buɗe adakarsa ya fito da fata biyar da ya ɓoye tun kafin fari, masu kauri, laushi kamar kunnen ɗan maraƙi. Saura biyar. Na shiga yawon kasuwanni da ƙafa: Bande, Kwaya, Dungas, har Guci. Wata guda da rabi ina yi. Duk fatar da na ɗaga saitin rana sai in ga haske. Akuyar da ta ƙoshi a shekarar, in akwai ta, ba ta zuwa kasuwa. Damina ta sauka, aka yi shuka, hatsi ya ƙare a rumbuna, ga kaka na matsowa.

A duk unguwarmu gida ɗaya ne ke da awaki masu jiki, shi ne namu. Innarku Rabi tana da jajaye guda shida, kowace da sunanta, tushensu akuya ɗaya da aka ba ta daga gidansu a Bande. Yadda ta raya su cikin yunwar nan, Allah kaɗai ya sani. Kullum da asuba take fita tsintar ’ya’yan gawo, ta yi wa mutane surfe don a bar mata dusa, ruwan wankin hatsi ko ɗigo ba ta zubarwa. Na sha ganin ta rage kununta ta zuba musu. Su ne dukiyarta, su ne abin da za mu kama in abu ya ƙara tsanani, kuma nononsu ake dama wa Hadiza da aka yaye a lokacin. Ban tambaye ta ba. Wannan ina so ku riƙe. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, na duba. Wata la'asar na dawo daga Guci hannu wofi, na zauna a tsakar gida, idona ya tsaya a bayan wata babbar akuya, ina auna faɗinsa a raina. Ashe tana kallona daga bakin murhu.

“Malam, fata nawa ta rage?”

“Ba ruwanki da wannan.”

“Na ga kana auna mini akuya da ido. Nawa?”

“Biyar,” na ce. “Amma ban ce ba, kuma ba zan ce ba.”

Ta ci gaba da tuƙin tuwo. Sannan ta ce, “Jiya a rijiya wata ta ce in matsa kada in rina mata zane. Aka yi dariya, ni ma na yi. Ni motar Alhaji ba ta dame ni ba, ko ta ƙone. Amma ’ya’yana ba za su tashi ana kiransu ’ya’yan mai rina Alhazai ba. Ka bar mini mai cikin. Sauran a kira mahauci.”

Na ce ta kwana ta sake tunani. Ta ce ta riga ta kwana. Abin da ya fi ci mini rai, ciyawa ta fito a lokacin. Awakin nan sun sha wuya sun tsallake, sun ga kore da idonsu. Ranar da mahauci ya zo ta kwance su da hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa igiya, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ba ta ci naman ba. Ta sa aka raba wa unguwa, gida-gida, a lokacin da wasu sun yi wata shida ba su ga nama ba. Kuma ku sani, waɗanda suka fi kowa tsotsar ƙashi su ne suka ƙago zancen nan da kuke ji.

Wannan karon Baba bai zauna gefe ba. Shi ya tsaya a kan majemi har fatun suka fito daga bagaruwa. Mai kuwa da tafin hannunsa ya shafa, kaɗan, sau ɗaya. Muka rina, muka ɗauraye da ruwan lemun tsami, muka shanya a inuwa, muka sake ɗaurayewa, har sai da ruwan ya riƙa fita garau. Muka goge da dutse har hannuna ya yi kanta. Idonsa ya yi rauni, don haka ni ke ɗinki shi yana bi da yatsa. In ya ji kunya ɗaya ta fi ’yar'uwarta ko da ƙwayar gero, sai in farke. Wata rana yana shafa tsohuwar fatar da aka cire, ta ainihi, na ji ya ce a hankali, wanda ya yi wannan baduku ne. Daga bakin Baba, ba a wuce nan.

Mun gama ana yankan gero, cikin zafin nan na kaka mai gumi. Aka mayar da kujerar, Alhaji ya sa aka bar motar a rana tun hantsi, gilashi a rufe. Mutane suka taru, mafi yawansu sun zo ganin ja ne. Alhaji ya ce a kawo wani tsohon farin ƙyalle a shimfiɗa. Baba ya ce a dakata. Ya buɗe ƙunshin da ya riƙo a hammata, sai ga farin alawayyo sabo fil, ninke da ƙamshin turare. Duk wanda ke wurin ya gane ko mene ne. Likkafaninsa ne, da ya saya ya ajiye wa kansa kamar yadda tsofaffi ke yi.

“Subhanallahi, Baba!” in ji Alhaji. “Ba a rasa tsumma a gidan nan ba.”

“Tsumma in ya ɓaci ba wanda ya yi asara,” in ji Baba. “Wannan ne farin da na fi tsoron ɓatawa. Garba, buɗe mini.”

Ya yayyafa masa ruwa, ya yafa a bayansa har ƙasa, ya shiga ya jingina. Bai taɓa shiga mota ba sai ranar. Ya ce a kai shi Bande a dawo, kada a sauke gilashi. Ƙofar ta rufu, Shamuwa ta juya fukafukanta ta tafi. Ni na tsaya a rana, an ce in shigo inuwa na ƙi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan sa'a ba. In ƙyallen nan ya yi ja, na kashe sana'ar gidanmu, na kashe awakin innarku a banza, kuma na ɓata abin da za a rufe ubana da shi. Da suka dawo Baba ya fito jiƙe sharkaf da zufa, yana haki. Ya cire alawayyon ya dunƙule, Alhaji ya miƙo hannu. Baba bai ba shi ba. Kun san suruki ba ya magana da matar ɗansa kai tsaye, shekara shida suna gida ɗaya ban taɓa jin ya ambace ta ba. Sai ya miƙo mini ya ce:

“A kai wa mai awakin. Ita za ta fara dubawa.”

Alhaji Ilu da jama'arsa suka tsaya jira a rana, ni na ruga gida. Innarku ta wanke hannu ta goge, ta warware ƙyallen a tsakar gida, ta ɗaga shi saitin rana. Ta bi shi taƙi-taƙi, ta juya ta sake bi, ta daɗe fiye da yadda ake bukata. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta kau da kai don kada ya ɗiga a kai. Ta ninke shi yadda yake.

“Ka ce wa Baba fari ne,” ta ce. “Ka kuma ce wa Alhaji ya riƙa sauke gilashi, kada ya dafa mini awaki.”

Na faɗa wa Alhaji duka biyun. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ware ƙyallen ya nuna wa jama'a, sannan ya shiga gida ya sanyo farar riga ya zauna a kai. Daga ranar zaurenmu bai sake rasa aiki ba. Masu motoci daga Damagaram har ƙetaren iyaka suka riƙa aiko da kujeru, da wannan aikin na ciyar da ku na sa ku lakwal. Ina alfahari da shi, ban ɓoye ba. Amma an biya. Hadiza ta rasa nono a lokacin da take bukatarsa, ta yi rama har muka tsorata, ba ta murmure ba sai bayan kaka. Akuyar da aka bari ta haifi ɗa ɗaya ya mutu. Na saya wa innarku wasu daga baya, ta karɓa ta yi godiya, amma ba ta sake kiran akuya da suna ba. Shamuwa kuwa ta ƙara shekara bakwai a hanya, har cinikin gyaɗa ya mutu, kayan gyaranta suka ɓace, aka kafe ta a bayan gidan Alhaji. Fenti ya tashi, ƙarfe ya yi tsatsa, kaji suka shiga. Kujerar baya ce ƙarshen abin da ya lalace.

Baba ya rasu shekara uku bayan gwajin kujerar, cikin damina. Da aka gama yi masa wanka, liman ya tambaya ko akwai likkafani ko a aika kasuwa. Na buɗe adaka na ɗauko. Ninkin da innarku ta sake yi masa bayan ya bushe ne a jikinsa, ba wanda ya taɓa shi tun ranar. Na san fari ne, na ji daga bakinta, gari duka ya gani. Duk da haka sai da na fita da shi tsakar gida na ɗaga saitin rana, mutane na jirana. Babu ko ɗigo. A cikinsa muka sa shi.